Douglas Hyde, Harshen Ailan, da Hausar Jikokinmu na Legas

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili, ko da zancen zai ɗan yi tsawo, in kawo tarihin wani malami da ya rasu tun 1949 a ƙasar Ailan. Babu abin da ya haɗa shi da ƙasar Hausa, amma labarinsa ya hana ni sakat tun ranar 26 ga Agustan da ya wuce.

A ranar nan, wato Ranar Hausa ta Duniya, na halarci wani taro a nan Agege. Masu jawabi sun tashi ɗaya bayan ɗaya suna cewa Hausa ta wuce a yi mata fargaba, tunda ana jin ta daga Agadas har Kumasi, ana watsa labarai da ita daga Landan da Jamus da Faransa da Sin, ana kuma koyar da ita a jami'o'in duniya. Duk gaskiya suka faɗa, ni ma na tafa. Sai dai kujerata tana can ƙarshen rumfa, kusa da inda yara suke wasa, kuma yaran nan 'ya'ya ne da jikokin mutanen da ke kan teburin manyan baƙi. Na kasa kunne na tsawon lokaci ban ji jimla ɗaya cikakkiya ta Hausa daga bakinsu ba. Da Yarabanci suke faɗa, da Turancin buroka suke shiryawa, abin da ya rage musu na Hausa bai wuce "wallahi" da "Baba" ba. Da na koma gida sai na lalubo wani tsohon littafin tarihin Ailan da na saya shekarun baya a Yaba, wajen masu baza littattafai a ƙasa, wanda ko bango ba shi da shi, na sake karanta babin da ya yi magana a kan Douglas Hyde.

Mutanen Ailan ba baƙi ba ne a Legas. A nan suka buɗe ofishin jakadancinsu a 1960, limamansu na Katolika kuma sun kafa makarantu da dama, ciki har da St Finbarr's ta Akoka wadda Fada Denis Slattery ya kafa a 1956. Da yawanmu mun ɗauka Turawan Ingila ne, saboda Turanci muka ji a bakinsu, Turanci kuma suka koya wa yaran garin nan. Ba mu san cewa suna da harshensu na gado ba, wanda ake kira Gelik, mai rubutaccen adabi na fiye da shekara dubu, ba mu kuma san cewa kakanninsu na kusa ne suka yar da shi ba.

Kafin 1845 tsibirin yana da mutane sama da miliyan 8, kuma an ƙiyasta cewa kusan rabinsu da Gelik suke magana. Sai cuta ta kama dankalin turawa, wanda shi ne abincin talaka, aka yi yunwar da ta kai har wajen 1852. Kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, wasu kimanin miliyan ɗaya suka shiga jiragen ruwa zuwa Amurka da Ingila, kuma mafi yawan waɗanda abin ya shafa talakawan yammacin ƙasar ne, masu Gelik. Waɗanda suka tsira suka yanke wa kansu hukunci cewa harshen nan harshen yunwa ne, yaron da za a tura Amurka neman abinci kuwa Turanci zai yi masa rana. Makarantun gwamnati da aka kafa tun 1831 da Turanci suke koyarwa. A wasu yankuna akan rataya wa yaro ɗan guntun itace a wuya, duk lokacin da aka ji ya yi Gelik sai a yi wa itacen tsaga, malami ya ƙirga tsagar ya yi masa bulala daidai da ita. Abin da ya fi ba ni tsoro a labarin shi ne, sau da yawa iyaye ne da hannunsu suke yin tsagar a gida kafin yaro ya tafi makaranta. A ƙidayar 1851 masu Gelik sun kai kimanin miliyan ɗaya da rabi. A ta 1891 sun koma kimanin 680,000, mafi yawansu tsofaffi.

A nan dole in faɗi laifina, domin ba zan taka nawa in hango na wani ba. Na koyar a firamare a garin nan fiye da shekara talatin, kuma a shekarun farko na aikina, a wata makaranta da ba sai na ambaci sunanta ba, ni ne nake ba monita takarda ya rubuta sunayen masu yin "banakula". Bayarabe ne ko Bahaushe ko Inyamiri, duk wanda ya yi harshen uwarsa a aji sai ya biya tara ko ya durƙusa a rana. Ban taɓa ganin abin a matsayin zalunci ba, na ɗauka taimakon yaran nake yi, kamar yadda iyayen Ailan suka ɗauka.

An haifi Douglas Hyde ranar 17 ga Janairu, 1860, a Castlerea da ke gundumar Roscommon. Mahaifinsa limamin cocin Furotesta ne, wato ya fito daga cikin tsirarun da ke da gonaki da mulki, masu kallon Gelik a matsayin yaren barori, alhali masu harshen kusan dukkansu talakawa ne 'yan Katolika. A 1867 iyalin suka koma kusa da Frenchpark. Rashin lafiya ta sa ba a bar shi a makarantar kwana irin ta 'ya'yan masu hali ba, sai aka riƙa koyar da shi a gida, wannan kuwa ya ba shi damar yawo cikin gonaki da fadamu tare da ma'aikatan yankin. A cikinsu akwai wani dattijo mai gadin dajin farauta, Séamus Hart, wanda yaron ya liƙe masa, yana bin sa yana tambayar sunan kowane abu, yana sauraron tatsuniyoyi da waƙoƙi. Babu allo, babu littafin nahawu. Da ya fara rubuta abubuwan da suka faru da shi kullum a ɗan littafinsa, sai ya riƙa saka jimlolin Gelik da irin rubutun da kunnensa ya ba shi, domin a lokacin bai san ƙa'idar rubutun harshen ba. Hart ya rasu a ƙarshen 1875, Hyde yana ɗan shekara 15, kuma da harshen da dattijon ya koya masa ya rubuta baƙin cikin rashinsa.

Na daɗe ina juya wannan wuri a raina. Dattijon nan yana da dalilin da zai kori yaron, tunda ɗan gidan masu mulki ne, addininsu daban, kuma babu shakka Gelik ɗin yaron a farko abin dariya ne. Da ya yi masa dariya sau biyu ko uku, da yaron ya koma ga Latin da Girkancin mahaifinsa, da kuma ba mu ji sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.

A 1880 Hyde ya shiga Kwalejin Trinity ta Dablin, inda ya ƙware a Faransanci da Jamusanci da Latin da Girkanci da Ibrananci. Iyalinsa sun so ya gaji mahaifinsa a coci, ya karanta ilimin addini, daga baya ya juya ga shari'a har ya sami digirin dakta a 1888, amma bai zama limami ba, bai kuma rayu da aikin lauya ba. Abin da ya sa a gaba shi ne shiga bukkokin tsofaffi a lardin Connacht da takarda da alƙalami, yana rubuta tatsuniya da waƙar soyayya da addu'o'in gargajiya daga bakin masu su. Ya buga tarin tatsuniyoyi a 1889 da 1890, ya buga waƙoƙin soyayya na Connacht a 1893, Gelik da fassararsa ta Turanci a jere. Wani abu da na yaba masa shi ne, ya soki waɗanda suka riga shi wannan aiki saboda sukan gyara labari yadda suka ga dama ba tare da sun faɗi daga wa suka ji ba, shi kuwa yakan ambaci wanda ya ba shi. Yana sa hannu a rubuce-rubucensa da laƙabin An Craoibhín Aoibhinn, ma'ana ɗan reshe mai daɗin gani. Wani abin mamaki da masu nazarin Hausa za su tuna shi ne, babban tarin tatsuniyoyinmu da Frank Edgar ya haɗa, juzu'i uku, a Belfast aka buga shi tsakanin 1911 da 1913, wato a kan wannan tsibiri, a daidai shekarun da mutanensa ke fafutukar ceto nasu.

Bayan ya yi shekara guda yana koyarwa a wata jami'a a New Brunswick ta Kanada, ya dawo gida, ranar 25 ga Nuwamba, 1892, ya gabatar da laccar da ta sa sunansa ya fita, a kan wajibcin cire wa Ailan rigar Ingila. Maganarsa ga mutanensa ce, kuma ba ta da daɗin ji. Ya ce musu kullum suna kukan sun ƙi jinin Ingila, amma suna kwaikwayonta a magana da sutura da kiɗa da wasanni, har sunayensu na gado suna karkatawa su yi kama da na Ingilishi don kada a gane asalinsu. Watanni takwas bayan haka, ranar 31 ga Yuli, 1893, wasu mutane ƙalilan suka haɗu a wani ɗaki a Dablin bisa kiran wani masanin Gelik, Eoin MacNeill, suka kafa ƙungiyar Conradh na Gaeilge, wato Ƙungiyar Gelik, aka naɗa Hyde shugabanta na farko. Sharaɗinsu shi ne babu siyasa, babu bambancin addini, kuma manufarsu a ci gaba da magana da harshen, domin ƙungiyoyin da suka gabace su sun fi damuwa da tsofaffin takardu.

Yadda suka gudanar da aikin ya cancanci kulawarka musamman, ya Edita. Wani matashin limamin Katolika, Fada Eugene O'Growney, ya riƙa rubuta darussa masu sauƙi ana bugawa a jarida mako-mako, daga baya aka tattara su a ƙananan littattafai masu araha da suka shiga hannun dubban mutane. Ya rasu a 1899 a Los Angeles yana ɗan shekara 36 kacal. Ƙungiyar ta buɗe azuzuwan dare inda akawu da tela da malamin makaranta suke zama a benci ɗaya bayan an tashi aiki, ta ɗauki malamai masu yawo a kan keke daga ƙauye zuwa ƙauye, ta fara gasar waƙa da labari ta shekara-shekara tun 1897, ta kafa jaridarta a 1899. Cikin 'yan shekaru rassanta suka kai ɗaruruwa. A wannan shekara ta 1899 ne wasu manyan farfesoshin Trinity, Mahaffy da Atkinson, suka shaida wa wani kwamitin ilimi cewa babu wani abin kirki a adabin Gelik da ya kai a koya wa yara. Hyde bai tsaya cacar baki ba, sai ya rubuta wa masanan harsuna a Jamus da Faransa da Danmak, ya kawo amsoshinsu gaban kwamitin, Gelik ya tsira a manhajar sakandare. A 1901 ya rubuta wasan kwaikwayo da Gelik, ya kuma fito a ciki da kansa a wani babban gidan wasa na Dablin. Daga ƙarshen 1905 zuwa tsakiyar 1906 ya zagaya biranen Amurka yana magana da 'yan Ailan mazauna can, ya gana da Shugaba Theodore Roosevelt, ya tara wa ƙungiyar sama da dala 60,000. A 1909 ya zama farfesan Gelik na zamani na farko a kwalejin jami'a ta Dablin, ƙungiyarsa kuma ta matsa har aka mayar da harshen sharaɗin shiga sabuwar jami'ar ƙasa daga 1913.

Daga nan al'amura suka fara kuɓuce masa. Matasan da suka taso a azuzuwan dare sun gano cewa wanda ya san yana da harshe zai so ya mallaki ƙasa. Patrick Pearse, wanda ya yi editan jaridar ƙungiyar, shi ne ya jagoranci boren da aka yi wa mulkin Ingila a 1916 aka kuma harbe shi. Éamon de Valera, wanda daga baya ya shugabanci gwamnatin Ailan, a azuzuwan nan ya koyi Gelik, har ya auri malamarsa. A babban taron ƙungiyar da aka yi a Dundalk a 1915 aka shigar da neman 'yancin ƙasa cikin manufofinta, Hyde ya ajiye shugabanci bayan shekara 22. A ganina akwai yarinta a tunaninsa na cewa za a farkar da al'umma game da harshenta a hana ta tunanin wanda ke mulkinta. Amma tsoronsa yana da tushe, domin daga lokacin Furotestan arewacin tsibirin da dama, waɗanda a da wasunsu ke zuwa azuzuwan, suka ɗauki Gelik a matsayin tutar abokan gaba, kuma har yau wannan tabo bai gama gogewa ba. Mu da muke garin nan lokacin rikicin Idi-Araba na 2002 tsakanin Hausawa da Yarabawa mun san yadda harshe yake zama alamar da ake gane mutum da ita a cikin motar haya, mun kuma san iyayen da tun daga ranar suka gargaɗi 'ya'yansu kada su yi Hausa a waje. Rikicin ya wuce, gargaɗin ya zauna.

A 1938, yana ɗan shekara 78, manyan jam'iyyun ƙasar biyu da ba sa ga maciji da juna suka amince da shi, ya zama Shugaban Ailan na farko ba tare da hamayya ba, Furotesta a ƙasar da mafi yawanta Katolika ne. Ya yi rantsuwa da Gelik ranar 25 ga Yuni. Ko wata shida bai cika ba ƙungiyar wasannin gargajiya ta ƙasar ta cire shi daga jerin iyayenta, saboda ya je kallon ƙwallon ƙafa tsakanin Ailan da Folan, ita kuwa ta haramta wa mambobinta wasannin da ta kira na baƙi. Mutumin da ya fara kiran a cire rigar Ingila, shi aka hukunta da sunan kishin al'ada. Shanyewar jiki ta same shi a 1940, ya ƙarasa wa'adinsa a keken guragu zuwa 1945, ya rasu ranar 12 ga Yuli, 1949. A ranar jana'izarsa a babban cocin St Patrick na Dablin, manyan gwamnati 'yan Katolika a waje suka tsaya suna jira, domin dokar cocinsu a lokacin ta hana su shiga ibadar Furotesta. An kai shi Roscommon aka binne kusa da cocin da mahaifinsa ya yi limanci.

To, me aikin ya haifar? Tun bayan 'yancin 1922 ake koyar da Gelik dole a makarantu. Tsarin mulkin 1937 ya kira shi harshen hukuma na farko. An buɗe masa gidan rediyo a 1972 da na talabijin a 1996, ya zama ɗaya daga harsunan Tarayyar Turai a 2007, yana kan allunan hanya da fasfo da takardun gwamnati. Babu wata gata ta hukuma da masu jawabinmu na Agege suke nema wa Hausa wadda Gelik bai samu ba. Duk da haka, a ƙidayar 2022, cikin mutum kusan miliyan 1.9 da suka ce suna iya harshen, wato kimanin kashi 40 cikin 100, waɗanda ke magana da shi kullum a wajen makaranta ba su kai 72,000 ba. Unguwarmu ta Agege kaɗai ta ninka wannan adadi sau da yawa. A Roscommon kuwa, inda Séamus Hart ya koya wa yaron nan sunayen tsuntsaye, babu ƙauye ko ɗaya a yau da ake lissafawa cikin yankunan da Gelik yake harshen gida. Ban faɗi haka don rage darajar Hyde ba, domin ba don shi da abokansa ba da wataƙila ko waɗannan dubban babu, kuma makarantun da ake koyar da komai da Gelik suna ƙaruwa a biranensu. Amma lissafin ya nuna cewa abin da uwa ta daina faɗa wa ɗanta a bakin murhu, gwamnati ta shekara ɗari tana ƙoƙarin mayarwa ta hanyar jarrabawa, bai koma ba.

Jihar Legas ta yi dokar kare Yarabanci a 2018, ana koyar da shi a makarantu, majalisar jihar ma tana zama da shi ranar Alhamis. Ina goyon bayan wannan, kuma ina farin ciki jikokina suna jin harshen maƙwabtansu, domin wanda ya zauna a gari ya ƙi koyon harshen garin ya cuci kansa. Babu wanda ya hana mu Hausa a Legas. Mu ne muke yi wa itacen tsaga, kuma hanyar da muka fi yin ta ita ce dariya.

Ina da jika mai shekara tara, a nan aka haife ta. Sallar layya ta bara mun tafi gida da ita, ta yi kwana da kwanaki tana shirya gaisuwar da za ta yi wa kakarta. Da muka isa ta durƙusa ta gaishe ta lafiya lau, sai can da yamma, ana zaune a tsakar gida ana suyar nama, ta hango mahaifinta ya shigo ta ce, "Babana ta dawo." Gidan ya kwashe da dariya. Wata gwaggonta har da riƙe ciki, tana cewa, "Ku zo ku ji Bayarabiyar Malam!" Yaran gidan suka mayar da abin waƙa, suna bin ta da shi har bakin rijiya. Babu wanda ya yi da mugunta, ni kaina na yi murmushi. Amma daga daren nan har muka hau mota ba ta sake furta kalmar Hausa ba, kuma da muka dawo, idan kakar ta kira a waya, sai ta miƙa wa uwarta ta ce da Turanci wai ba ta ji sosai. Yarinyar da ta iya Yarabanci da Turanci, harsunan da ba a raba namiji da mace a aikatau yadda muke yi, ta yi kuskuren da duk mai koyo yake yi, mu kuwa muka rufe mata baki da hannunmu.

Kada kuma mu ɗauki kanmu a matsayin waɗanda ake zalunta kullum. A Legas mu ne mutanen Ailan, amma a Bauchi da Jigawa da Filato mu ne Ingila. Harsunan Auyokawa da Shirawa da Teshenawa sun mutu, Hausa ce ta maye gurbinsu, akwai kuma wasu da dama da yau tsofaffi kaɗai ke jin su, jikokinsu na amsa musu da Hausa. Wanda ya ji zafin abin da ya sami jikata ya kamata ya ji zafin wannan ma, kada murnar yawanmu ta sa mu manta da wanda yawan ya haɗiye.

Akwai wani dattijo a unguwarmu, ya haura tamanin, tsohon falken goro ne wanda mahaifinsa ya zo Agege a zamanin da ake loda huhuna a jirgin ƙasa zuwa Kano. Watanni uku ke nan nake zuwa wurinsa bayan La'asar ranar Asabar tare da jikar tawa, in ajiye waya tana naɗar murya, ita kuma ta riƙe littafi da biro. A bakinsa ta ji cewa ƙwarya a wajen 'yan goro ɗari take nufi, ta ji bambancin marsa da minu, da daushe da gandi da hannunruwa, da yadda ake shimfiɗa ganyen fita a ɗaure huhu a riƙa yayyafa ruwa don kada goro ya bushe a hanya, da yadda ake tsince mai sankara kafin ya ɓata sauran. Wasu kalmomin ni ma ban taɓa jin su ba, ga shi na tsufa da goro a baki. Tana rubuta su yadda kunnenta ya ba ta, ba ƙugiya, ba ƙa'ida, ban kuma gyara mata ko ɗaya ba tukuna. Ran nan ta ce masa, "Baba, goron nan ta yi ja." Na ɗauke numfashi. Dattijon ya karɓi goron ya juya shi ya ce, "Ƙwarai kuwa, jikata, ya yi ja, ai irin wannan sarakuna ake kai wa," ya ci gaba da bayaninsa. Bayan ɗan lokaci na ji ta ce "ya yi" da kanta.

Mutanen Ailan sun yi irin wannan a faɗin ƙasa. Tsakanin 1937 da 1938 hukumarsu ta tattara al'adun gargajiya ta sa yara kimanin 50,000 daga makarantu kusan 5,000 su je wurin kakanninsu da maƙwabta su rubuto tatsuniya da karin magana da maganin gargajiya da sunayen wurare, kuma littattafan yaran nan suna ajiye har yau, ana iya karanta su a intanet da rubutun hannunsu. Muna da makarantun Islamiyya a Agege da Idi-Araba da Obalende da Mile 12 da Alaba Rago, waɗanda a yawancinsu har yanzu da Hausa ake fassara karatu. Babu abin da zai hana malamansu su ba kowane yaro aikin hutu ya rubuto labari ɗaya daga bakin tsoho ɗaya, da sunan tsohon da garin da ya fito, kamar yadda Hyde ya dage a riƙa yi.

Roƙona gare ka, ya Edita, shi ne ka yi mana abin da jarida ta yi wa Fada O'Growney. Ka ware rabin shafi kowane mako domin 'ya'yan Hausawan da aka haifa a Legas da Ibadan da Fatakwal da sauran garuruwan kudu, a sa darasi gajere mai sauƙi, da tatsuniya ɗaya, da fili inda za a buga abin da yaran suka rubuto da sunan unguwarsu, a gyara kuskuren a hankali ba tare da an nuna an gyara ba. A sa shi a shafinku na intanet yadda uwa za ta buɗe a wayarta. Idan babu wanda zai ɗauki nauyin rubuta darussan, ni na yi ritaya, lokaci kuma ina da shi, zan rubuta na wata shida na farko ba tare da an biya ni ko kwabo ba, domin akwai tarar da na karɓa a hannun yara wadda har yau ban mayar ba. Littafin jikata ya kai shafi goma sha ɗaya, ta kuma yarda a fara da shi, da sharaɗin kada a aika wa gwaggonta.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin firamare,
Agege, Legas.